Yadda Ake Raba Lambu da Ƙananan Itatuwan da Suka Fito Ba a Shuka Su Ba

Lambun da ya yi shekara biyu ko uku babu mai aiki a cikinsa yakan koma rabin daji. Darbejiya tana fitowa a jere a gindin shinge, tumfafiya tana kafa gindi a tsakiyar fangali, ɗunɗu yana ratsowa ta ƙarƙashin ƙasa daga gonar maƙwabci, ga kuma 'ya'yan bagaruwa da magarya a duk inda aka taɓa zuba takin dabbobi. Wanda ya karɓi irin wannan wuri, ko haya ko aro ko gado, abin da zuciyarsa take fara raya masa shi ne ya wasa adda, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sare daidai da ƙasa, ya tara ya cinna wuta, ya huta. Ni ma haka na yi a shekarar da na karɓi hayar wani ɗan lambu a bakin fadama. Na yini ina sara, da yamma wurin ya yi fes, amma kafin wata biyu kowane kututturen darbejiya da na bari ya fitar da toho biyar ko shida, masu jan ganye mai laushi, suna tashi da saurin da uwarsu ba ta yi ba, saiwoyin kuwa suna nan a ƙarƙashin albasar da na dasa, suna shan ruwan da nake sayen man inji in jawo.

Dalilin haka a fili yake ga wanda ya lura da yadda itace yake rayuwa. Ganye ne yake haɗa wa bishiya abinci da hasken rana, saiwa kuma ita ce rumbun da take ajiye abin da ya ragu. Itatuwan ƙasarmu sun daɗe suna fama da gobarar daji da haƙoran awaki da gatarin mutane, saboda haka yawancinsu suna da idanu a ɓoye a wuyan saiwa, wato daidai inda kara ya haɗu da saiwa, a bakin ƙasa ko ɗan ƙasa da haka. Da zarar an sare sama sai idanun nan su farka, abincin rumbu ya ingiza su, inda kara ɗaya yake a da sai a wayi gari da biyar. Duk aikin raba lambu da itace a kan wannan wuri ya rataya: ko dai a fitar da wuyan saiwa daga ƙasa gaba ɗaya, ko kuwa a ƙarar da abincin rumbun har saiwar ta mutu da yunwa. Kusan kowace dabara da zan ambata a ƙasa ɗaya daga cikin waɗannan biyun take bi.

Kafin a kai ga ƙarfe akwai magana da ya kamata a gama da baki. Idan lambun na haya ne ko na aro, itacen da ke cikinsa na mai ƙasa ne, ko da kuwa bai wuce gwiwa ba, kuma sau da yawa abin da mai haya yake gani tsiron banza ne, mai ƙasa ya san da shi, yana jiran ya girma. Tsamiya da ɗorawa da kuka da kanya ba a taɓa su sai da izini, domin a al'ada amfaninsu yakan zauna a hannun mai gona ko da ya ba da ita aro. Itacen da ya fito a kan iyaka kuwa ya fi kowanne haɗari, saboda wani lokaci shi ne shaidar da dattawa za su duba ranar da gardama ta tashi, don haka ba a cire shi sai maƙwabci yana tsaye yana gani. Akwai kuma doka. A Jamhuriyar Nijar gawo yana cikin itatuwan da dokar gandun daji ta kare, a Nijeriya kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu dokokin a kan sare itace. Wanda zai taɓa abin da ya wuce ɗan tsiro, ya fi masa kwanciyar hankali ya tambayi mai unguwa ko malamin daji tukuna.

Bayan izini sai zaɓe. A zaga lambun a tsanake, da tsumma mai launi a aljihu, duk itacen da za a bari a ɗaura masa, domin idan aiki ya yi zafi, musamman idan an ɗauki 'yan ƙwadago, hannu yana riga ido. A wannan zagaye ne wani dattijo da lambunsa yake manne da nawa ya tsayar da ni a kan wani ɗan tsiro mai farar ƙaya da ƙananan ganye, wanda na riga na ɗaga masa fartanya. Ya ce, “Yaro, wannan gawo ne, bar shi.” Na ce, “Baba, ai zai yi mini inuwa.” Ya ce in tsaya in duba inda ya fito, a can ƙarshen lambu ta arewa, sannan in yi magana. Gaskiya ce ya faɗa. Gawo yana zubar da ganyensa da damina lokacin da sauran itatuwa suke cika, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai maimakon ta bazu a inda shuka take ci, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a tsakiyar rani. Manoman gero sun san cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau.

Darajar irin waɗannan tsirrai ta fito fili a yankin Maraɗi. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma suke sarewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture masu rai. Maimakon a share su duka, sai aka riƙa zaɓen kara ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane gindi, a rage sauran, a tsare su har su zama bishiya. Wannan hanya, da ake kira sassaben zamani, ta yaɗu daga manomi zuwa manomi har aka ƙiyasta ta farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Binciken da aka yi a Senegal kuma ya nuna cewa sabara tana jawo ruwa daga zurfin ƙasa da dare, geron da ke kusa da ita ya amfana da shi. Wanda gonarsa ta hatsi ce, ya yi tunani sau biyu kafin ya tone sabara ko kalgo. Rage su da gyara su ya fi tumɓuke su.

Lambun kayan miya dai lissafinsa dabam ne, domin wurin kaɗan ne, kuma tumatir da albasa da tattasai suna son rana tun daga safe har yamma. Gawon ma da rani yake cika da ganye, daidai lokacin noman lambu, shi ya sa wurin da ya fito yake da muhimmanci. A ƙasar Hausa, daga kaka har zuwa ƙarshen sanyi, rana takan karkata ta kudu, inuwar tsakar rana ta faɗi ta arewa. Itacen da ke gefen arewa inuwarsa waje take zuba, yana kuma rage ƙarfin iskar hunturu, wanda ke gefen kudu kuwa a kan shuka tasa take kwanciya. A nawa ganin, ƙaramin lambu ba ya ɗaukar fiye da itace biyu ko uku, su ma a gefen arewa, kuma bayan an yi shawara da wanda inuwar za ta faɗa wa. Darbejiya da itacen turare ba na barin su a cikin lambu ko kusa da rijiya ko magudanar ruwa. Darbejiya baƙuwa ce daga ƙasar Indiya, an fara dasa ta a Borno a 1928, ta kuma yi wa garuruwanmu hidimar inuwa da ba ta misaltuwa, amma saiwoyinta suna bazuwa nesa, a fangali kuma ita ce take cin taki ta sha ruwa kafin shuka ta samu.

Waɗanda aka yanke shawarar cirewa, sai a gane asalin kowanne, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. A ɗan tona gindin da fartanya a duba. Wanda ya fito daga iri yana tsaye shi kaɗai, da siririyar uwar saiwa da ta miƙe ƙasa. Wanda ya fito daga kututture yakan zo a dunƙule, kara da yawa daga wuri ɗaya, idan an tona sai a ci karo da tsohon itace baƙi mai kauri. Wanda ya fito daga saiwar wata bishiya kuwa, za a tarar yana zaune a kan wata saiwa da ta kwanta a gicciye, kuma idan aka ɗaga kai za a ga 'yan'uwansa a jere sun nufi uwar, wadda takan kasance a bayan shinge.

Na iri shi ne mafi sauƙi, muddin ba a bar shi ya kwana biyu ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsiron da kaurinsa bai wuce tsinken tsintsiya zuwa ɗan yatsa ba, hannu ya ishe shi, da sharaɗin ƙasa ta jiƙe sosai. Washegarin ruwan sama ne lokacinsa, da rani kuma a sakar wa wurin ruwa da yamma a dawo da safe. A kama shi a can gindi daidai ƙasa, a ja sama a hankali a miƙe, ba da fizga ba, har a ji saiwar ta saki. Idan ya ƙi, a soka dagi a gefensa kamar taƙi ɗaya daga gindi, a girgiza ƙasa, a sake ja. Bayan ya fito a duba abin da ke hannu: idan an ga wuyan saiwa da aƙalla taƙi ɗaya na saiwar a ƙasansa, an gama da shi, idan kuwa a wuya ya tsinke, to a tona a ciro ragowar nan take, kafin a manta da wurin. Masu ƙaya irin su bagaruwa da aduwa da magarya saiwarsu takan ninka abin da ake gani a sama tsawo, saboda haka ɗan tsiro mai taƙi ɗaya yana iya neman dagi. A sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe, domin ƙayar aduwa da ta ɗunɗu suna huda silifa.

Wanda ya kai kaurin ƙotar fartanya zuwa damtse, nan ne ake yawan yin kuskuren da na yi. Kada a sare shi ƙasa-ƙasa. A datse rassa, a bar kara ya kai ƙugu ko ƙirji, domin wannan karan shi ne abin da za a kama a yi kokawa da saiwa; wanda ya sare shi daidai ƙasa ya jefar da ƙarfinsa, sai ya tona rami ninki biyu. Sai a tona kewaye da gindin, kamar kamu ɗaya daga kara, da diga ko magirbi, a ajiye baƙar ƙasar sama a gefe ɗaya, ta ƙasa a wani gefen. Duk saiwar gefe da ta bayyana a share mata ƙasa a datse ta da gatari sau biyu, a fitar da guntun tsakiya, don a sami wurin ci gaba da tono. Idan an zagaye, mutum ɗaya ya tura karan ya kwantar da shi gefe, ɗayan ya leƙa ƙarƙashi, zai ga uwar saiwa ta miƙe kamar igiya, sai ya sare ta can ƙasa gwargwadon inda gatari ya kai, kamu ɗaya ƙasa da wuya idan ya yiwu. A kakkaɓe ƙasar da ta maƙale a jikin saiwa ta koma rami, a mayar da ta ƙasa tukuna, ta sama a bisa, a zuba ruwa ta zauna. Ramin da aka cike yakan lotsa bayan mako biyu ko uku, don haka a ƙara masa ƙasa kafin a ja fangali a kansa. A keɓe tsohon gatari don wannan aiki, domin yashi da tsakuwa suna cinye kaifi.

Iri biyu suna buƙatar kulawa ta musamman. Tumfafiya tana da farin ruwa mai kama da madara wanda yake yi wa ido mummunar illa, kuma yakan yi tsartuwa idan an sara. A kawar da fuska, kada a shafa ido da hannun aiki, idan kuma ya shiga a yi ta wanke idon da ruwa mai tsabta, sannan a nufi asibiti ba tare da jinkiri ba. A cire ta kafin ƙwallayenta su fashe, domin irinta mai gashi ne, iska ce take raba shi. Kaba kuwa, wato goriba tun tana ƙarama, zuciyarta tana can cikin ƙasa, duk yankan da aka yi wa ganyen sama ba ya taɓa ta. Sai an tona an kai ga dunƙulen an fitar da shi. Idan a gefe take ba ta tare hanya, barin ta ya fi, ga masu saƙar tabarma da igiya suna neman ganyenta.

Akwai kututturen da ya fi ƙarfin tono, ko don girmansa, ko don ya fito a jikin rijiya ko katanga inda tono zai yi ɓarna. Irin wannan da yunwa ake kashe shi, kuma aikin haƙuri ne. A sare shi daidai ƙasa, a tone wuyansa kamar taƙi ɗaya, a ɓare ɓawon da ke wurin har farin itace ya fito, domin a nan idanun suke. Sai a rufe shi da abin da haske ba ya ratsawa, baƙar leda mai kauri ninki biyu, ko tsohon kwanon rufi, ko rabin duro a kife, a danne gefuna da ƙasa da duwatsu. Duk tohon da ya fito a cikin duhu fari zai yi ya mutu, kuma kowanne ya ci daga rumbu bai mayar da komai ba. Wanda ya leƙo ta gefe a ɓalle shi da hannu tun yana da laushi, kowane mako, ba tare da tsallakewa ba. Sirrin yana nan: tohon da aka bari ya buɗe ganye ya yi kore na wata guda ya soma mayar wa saiwa abinci, aikin baya ya tashi a banza. Darbejiya mai ƙarfi tana iya cin shekara guda ko fiye kafin ta sallama, alamar mutuwarta kuwa ita ce ɓawo ya saki, gara ta shiga.

Lokacin sara ma yana taimakawa. Yawancin itatuwanmu suna fitar da sabon ganye da bazara zuwa farkon damina, da abincin da suka ajiye tun bara, saboda haka lokacin da ganye ya gama buɗewa rumbun yana kusa da ƙarewa. Saran da aka yi a wannan lokaci ya fi raunana saiwa a kan wanda aka yi da kaka, bayan bishiya ta yi damina guda tana tarawa. Sassaben rani da aka saba yi yana share wuri don shuka, amma yana samun saiwa a ƙoshe, shi ya sa ake maimaita shi kowace shekara a kan gindi ɗaya.

Wasu sukan kashe itace a tsaye ta hanyar zagaye shi da yanka, su ɓare ɓawo mai faɗin tafin hannu, su kankare santsin da ke tsakanin ɓawo da itace. Wannan yana tare hanyar da abinci yake sauka daga ganye zuwa saiwa, alhali ruwa yana ci gaba da hawa, sai saiwa ta rame a hankali. Yana aiki, amma darbejiya takan amsa da toho a ƙasan yankan, wanda dole a riƙa ɓallewa, busasshen itace a tsaye kuma yana iya faɗowa kan mutum ko shinge ranar da iska ta taso. Ga itacen da bai wuce damtse ba, tono ya fi sauri, ya fi aminci.

Masu fitowa daga saiwar wata bishiya, irin su ɗunɗu da gwaba da ita darbejiyar idan garma ta ji wa saiwarta rauni, ba a gama da su ta bin tsiro ɗaya-ɗaya, domin uwar tana ciyar da su. A bi saiwar da ta kwanta har zuwa iyaka, a datse ta a can, a ciro duk abin da ke cikin lambu, saboda guntun da aka bari yana iya tsira da kansa. Sannan a haƙa siririn rami a bin iyakar ta wannan gefe, zurfin santimita 50 zuwa 60, a jera tsohon kwanon rufi a tsaye a ciki, bakin wani a kan na wani, a cike. Wanda ba shi da kwano ya bar ramin a buɗe, ya riƙa bin sa da gatari sau ɗaya a shekara. A sanar da mai bishiyar tukuna, kuma kada a datse manyan saiwoyi kusa da gindinta, don kada ta raunana ta faɗi.

Akwai abubuwan da nake roƙon mai lambu ya nisanta. Gishiri da baƙin mai da kananzir da ruwan batir, waɗanda ake zubawa a kan kututture, suna lalata ƙasar da za a ci abinci daga cikinta, a fadama kuma ruwa yana kusa, abin da aka zuba yau yana iya isa rijiya. Wutar da ake tarawa a kan kututture takan ƙone sama ta bar wuyan saiwa da rai a ƙarƙashi, ta cinye takin da ke ƙasar, da hunturu kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kama darnin maƙwabci.

Maganin feshi shi ne mataki na ƙarshe, ga kututturen da ya gagari sauran hanyoyi. Mai ƙone ganye nan take, irin su farakwat, ba ya kai wa ga saiwa, ga shi guba ce mai kisa ga mutum, saboda haka ba shi da wuri a wannan aiki. Wanda yake bin jikin itace har saiwa, irin su gilaifoset, shi ne yake tasiri, kuma shafa shi ake yi, ba fesawa ba. A sare itacen, cikin 'yan mintoci kafin yankan ya bushe a shafa maganin da ɗan buroshi a zoben waje, inda ɓawo ya haɗu da itace, a rufe da leda a ɗaure. A bi ma'aunin da ke jikin kwalbar, a tabbata tana da lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, idan a Nijeriya ne, a sa safar roba, a guji ranar da hadari ya haɗo, kada kuma a wanke kayan aikin a rijiya ko rafi. Ko kusa kada a shafa shi a kan tsiron da yake haɗe da bishiyar wani, domin maganin zai bi saiwa ya taɓa uwar.

Abin da aka sare ba shara ba ne. Rassan magarya da bagaruwa suna toshe kafar shinge inda awaki suke shigowa, in dai babu 'ya'ya a jikinsu. Ganyen darbejiya a shimfiɗa shi tsakanin layuka ya riƙe laima, sandunanta kuma suna da kyau wajen tallafar tumatir, gara ba ta cika damun su ba. Sai dai a bar kowace sanda ta bushe sarai kafin a kafa ta, musamman zogale da cediya da bini-da-zugu, waɗanda ɗanyen reshensu yake kamawa a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Saiwoyin da aka tono a kife su a rana, kada a binne su a cikin taki. Ganyen magarya da na gawo a kai wa dabbobi, tumfafiya kuwa a ware ta.

Wasu tsirran kuma wurin da suka fito ne kawai bai dace ba. Ɗan mangwaro da ya tsiro daga ƙwallon da aka jefar, ko gwaba, ko darbejiya, idan bai wuce taƙi biyu ba, a tono shi da ƙasarsa da yamma, a sa a leda, a rage masa rabin ganye, a ajiye a inuwa mako biyu ana ba shi ruwa. Mangwaron zai yi gindin da za a yi wa aure da iri mai kyau, darbejiyar kuma ƙofar gida ko makaranta ko maƙabarta tana jiran ta. Gawo ne ba ya son dashe, saboda uwar saiwarsa idan ta tsinke da wuya ya farfaɗo, don haka shawararsa a inda ya fito ake yanke ta.

Bayan an share, sabon iri ba zai daina zuwa ba, amma hanyoyinsa sanannu ne. Tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yan darbejiya su yar da ƙwallon a inda suke sauka, shi ya sa tsironta yake cika a gindin shinge, da ƙarƙashin wayar lantarki, da inuwar mangwaro. Irinta ba ya daɗewa da rai, saboda haka wanda ya share 'ya'yan da suka zubo, ya kuma bi waɗannan wurare da fartanya a makonnin da suka biyo baya, ya rage wa kansa aikin shekara. Irin bagaruwa da gawo da magarya kuwa ɓawonsa tauri gare shi, yana ratsa cikin akuya da saniya ya fito da rai, ya zo lambu a cikin taki. Tara taki a jiƙa shi ya ruɓe kafin a watsa yana sa da yawa su tsiro a kan tulin, inda hannu ɗaya zai kwashe su, ragowar kuma za su fito a fangali bayan ban ruwa na biyu ko na uku. Ranar da ake cirar ciyawa a riƙa duba masu ganye biyu masu kauri da ɗan kara mai tauri a tsakanin albasa, a cire su tare da ciyawar, sannan a bi layin kwanon da aka binne a ga ko wata saiwa ta haura ta samansa.